Maharazu da Rawanin Turkuɗi

"Ni hwa idona ma'auni ne," in ji Maharazu, yana bugun ƙirji a rumfar mai shayi ta bakin tashar Tasawa. "Ko daga bisa babur na hangi kostim, wato suturar fim, sai in hwaɗa maka na gaske ne ko jabu."

Bari in gabatar maka da mutumin, mai karatu. Duk ilimin fim ɗin Maharazu bai wuce sati biyu da ya yi a Yamai yana riƙe wa wani mai kamara lema ba. Amma tun da ya dawo ya zama Mushe Na-Sani, wato Malam Na-Sani a bakin Faransawa, ko gaisuwa sai ya haɗa da Faransanci. Da samarin Tasawa da Mayahi suka shirya gasar fina-finansu, aka duba aka rasa wanda ya kai shi baki, sai aka sa shi alƙalancin tsara wuri da sutura, shi da Salisu tela. Ta ukunsu Hajiya Ramlatu ce daga Maraɗi, ita ce kuma za ta zaɓi ɗaya cikin su biyun ya je alƙalancin babbar gasar Maraɗi. Gogan naka bai jira zaɓe ba. Ya riga ya yi sallama da rabin gari, har surukarsa ya yi wa alkawarin tsaraba.

Da safe suka nufi Baudeta, gidan wani manomi Cindo, inda samarin garin suka ɗauki fim ɗinsu na zamanin da. Maharazu ya zagaya rumbun da ke tsakar gida, ya ƙwanƙwasa shi, ya taɓe baki.

"Wa ya yi wanga dekor, wanga rumbun fim? Ciki ya yi girma, hula ta karkace. Duk wanda ya taɓa kwana ƙauye ya san ba haka rumbu yake ba."

Cindo ya ce, "Mushe, hatsina na bara na ciki. Ni da babana munka gina shi."

"To ku sake shi," in ji Maharazu, ya rubuta uku bisa ashirin.

Daga nan ya hangi rijiya a gefe, da guga rataye. "Wagga kam ta gaske ce, ba a ba da maki kan abin da anka gada." Ya ɗage riga ya ɗora mazaunai a bakinta don ya ƙarasa rubutu. Ashe kwali ne da kara aka shafe da laka. Ruf! Sai ƙafafun alƙali a sama, takalmi ɗaya ya yi gabas. Salisu tela ya taimaka aka zaro shi, sannan ya rubuta wa rijiyar sha takwas.

"Gwaji ne na yi," in ji Maharazu yana kakkaɓe riga. "Haka ake yi Yamai."

Hajiya Ramlatu dai ta dube shi ta saman tabarau.

Bayan azahar aka koma Tasawa duba sutura, fili ya cika maƙil. 'Yan Baudeta suka fito da rawunan yadin leda na kasuwa, suna ta ƙyalli, Maharazu ya zabga musu sha tara. Sai 'yan Mayahi. Mai shirya musu sutura, Munira, ta fito da kakanta, tsoho Khalil mai raƙuma, wanda ya fito a madugun ayari. A kansa akwai rawaninsa na turkuɗi, wanda ko shi sai ranar salla yake naɗawa, da ƙyar jikar ta lallashe shi ya ciro shi daga adaka.

Maharazu ya ga dama ta samu ta wanke kunyar rijiya. Ya zaro farin ƙyalle daga aljihu, ya kama bakin rawanin dattijo ya goga. Ƙyalle ya yi shuɗi.

"Kun gani? Yana zuba! Jabu ne, zero!"

Jama'a suka dubi juna. Ko yaron goye a ƙasar nan ya san turkuɗin kirki shi ke zuba, shunin da yake bari a jiki kuwa shi ne adonsa. Idon Munira ya ciko da ƙwalla, don wata uku ta yi tana haɗa kayan nan.

Salisu ya matso ya raɗa masa, "Mushe, turkuɗi ne hwa."

"Kai dai tsaya ga allura, ka bar ma masu ilimi aikinsu."

Ya ƙara gogawa da hannu bibbiyu, ya ɗaga ƙyallen kowa ya gani, sannan ya karɓi lasifika ya shiga jawabi. Rana kuwa ta ƙwalle. Gumi ya karyo masa, ya share goshi da ƙyallen nan, ya share kumatu, ya bi hanci da wuya. Dariya ta ɓarke. Shi kuwa ya ɗauka zaƙin bakinsa ne, sai ya ƙara Faransanci, ya ƙara share gumi. Mata har suna riƙe ciki.

Hajiya Ramlatu ta ciro madubi daga jakarta ta miƙa masa. Ya duba, ya ga wani shuɗin dodo yana kallonsa, haƙora ne kawai farare.

"Salisu," in ji Hajiya, "ka shirya, jibi da sahe mota za ta tashi."

"Haba Hajiya! Don wanga ɗan launi? Yanzu ya hita!"

Tsoho Khalil ya gyara rawaninsa ya ce a hankali, "In jabu ne, ɗana, ruwa ɗaya ya ishe ka. In ko na gaske ne, sai bayan Juma'a."

Aka kawo bokiti da sabulu nan gaban jama'a. Ya wanke, ya dirza, ya kankare har da tsakuwa. Bokiti uku suka ƙare, abin da ya ƙaru kawai shi ne kunnuwa ma sun shiga sahu.

Hajiya ta ɗauki takardarsa, ta soke zero, ta rubuta wa Munira ashirin bisa ashirin. Sannan ta dubi fuskar Maharazu da kyau ta ce, "Na sha ganin alƙali ya sa hannu ga takarda. Yau ne na ga wanda ya sa huska."