Ranar Da Kansilanmu Ya Shiga Ƙarƙashin Taya

Jama'a, bayana ciwo yake yi, ku yi haƙuri idan rubutun yau ya zo a karkace.

Talatar nan na tashi na tarar dusar ƙanƙara ta kai gwiwa. Na ɗauki shebur na yi awa ɗaya da rabi ina kwasa, daga bakin gareji har titi. Ina jingine shebur ke nan sai na ji rurin nan da kowa a garinmu ya sani. Motar share titi ce ta majalisar gari, Allah ya ƙara mata mai. Ta tattaro ƙanƙarar titi kaf ta jibge mini a mashiga, katanga guda har ƙugu, mai tauri kamar siminti. Direban ya ɗaga mini hannu. Ni ma, saboda rashin zuciya irin tamu ta nan, na ɗaga masa, har da murmushi.

Shekara shida da suka wuce unguwar nan gonar masara ce. Manyanmu masu hangen nesa suka sare itatuwan gefenta, suka raɗa wa tituna sunayensu don kada a manta da su, mu kuma da hayar birni ta koro muka cika wurin. Da zaɓe ya zo, sai kansilanmu, Mai Girma Garkuwan Masu Shebur, ya rantse zai kawo wata mota mai hannu da za ta riƙa bin waccan tana buɗe wa kowa mashiga. Muka karɓi allunan kamfe na roba muka kafa a ƙofar gida. Ga fuskarsa, haƙora talatin da biyu a waje, an rubuta a ƙasa: Katanga Ta Ƙare. Guda huɗu na karɓa, suna nan jingine a gareji.

Ba zan yi masa ƙarya ba, an sayi motar. Na gan ta da idona a watan Yuli, wurin bikin gari, an ɗaura mata balan-balan yara suna hawa. Da sanyi ya shigo na buga waya ofis. Wata baiwar Allah ta ba ni haƙuri sau huɗu, sannan ta ce har yanzu majalisa ba ta karɓi titinmu daga hannun kamfanin da ya gina unguwar ba, don haka mai hannu ba ta da izinin shiga. Na ce to ita mai toshewar, wa ya ba ta izini? Ta ce wannan wani sashen ne, ta yi mini fatan yini lafiya.

Duk wannan da dariya na ɗauka, sai da na waiga na ga Mama Raposo, maƙwabciyata, tsaye gaban tata katangar da tukunya a hannu. Shekarunta saba'in da uku. Mijinta Abilio yana gidan kula da tsofaffi a birni, ya manta sunanta, ya manta 'ya'yansu, amma bai manta miyarta ta ganye da dankali ba. In ba ita ta ba shi a baki ba, rufe baki yake yi ya juya wa bango fuska. Sha biyu ake ba su abinci, ga shi sha ɗaya saura kwata, ga cunkoson babbar hanya. Gaskiya raina ya ɓaci.

"Desmond, ɗana, kada ka wahalar da bayanka," in ji ta. "Ina jin yau sai dai ya haƙura."

Na ce ba a yi haka ba. Na ƙwala wa Harjit na tsallaken titi kira, direban babbar mota ne, ya fito da sandar ƙarfe yana mita wai shayinsa zai huce. Muka yi ta sara har muka rage tudun. Mama ta tayar da mota, ta hau tudun, sai tayoyin gaba suka tsaya a kan santsi suna ta juyi a banza. Muka tura, muka zuba gishiri don ya narkar da ƙanƙarar, ko gezau. Sha ɗaya da minti biyar.

Harjit ya shafa gemu ya ce, "Kai Desmond, ina mutumin nan naka mai haƙora?"

Na ruga gareji na kwaso allunan. Muka cusa bibbiyu ƙarƙashin kowace tayar gaba, fuska a sama. Mama ta taka totur, taya ta kama Mai Girma a daidai kumatu, mota ta yi tsalle ta dira a titi. Ba ta ko waiwayo ba, kuma ban ga laifinta ba.

Da yamma ta aiko mana da sauran miyar. Ta ce Abilio ya sha kwano biyu, har ya riƙe mata hannu ya tambaye ta ko tana da aure.

Saboda haka yau ban zo da ƙorafi ba, godiya na kawo. Masu cewa kansilanmu bai taɓa fitar da kowa daga katanga ba, su zo su ga shaida a garejina, da zanen taya a goshi. Ranka ya daɗe, idan za ka sake tsayawa, ƙuri'ata tana hannun Allah, amma alluna ka aiko mini da takwas. A yi su da ɗan kauri, na bara sun tsage.