Rasuwar Dattijo, Usur ɗin Baba Alƙali

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ta rasa inda za ta sa kanta, Baba Alƙali, wanda ya shekara ashirin da shida yana alƙalancin ƙwallon kwando, yake sanar da 'yan'uwa, abokan aiki, 'yan wasa, har da masu zaginsa daga kan benci, rasuwar usur ɗinsa kuma abokin tafiyarsa, wanda aka fi sani da Dattijo. Marigayin ya cika ranar Litinin da hantsi, a cikin tukunyar ruwan zafi, a kicin ɗin gidansu, sakamakon wata rashin lafiya da ba ma tasa ba ce.

Dattijo usur ne na ƙarfe, irin na da, mai 'yar ƙwaya a ciki wadda take rawa idan iska ta shiga. Fentinsa ya daɗe da gogewa. A bakinsa akwai shaidar haƙoran mai shi guda biyu, ɗaya daga cikinsu ma ya riga shi tafiya.

Ba don tsufa aka sa masa wannan suna ba, halinsa ne ya jawo. Marigayin bai taɓa yin magana da gaggawa ba. Idan aka hura shi, sai ya fara cewa "fff" a hankali, kamar mai gyaran murya, kafin ƙwayar ta farka ta ce "firrrr" har a jiyo a bakin titi. Tsakanin wannan "fff" da wannan "firrrr" bai wuce ƙiftawar ido biyu ba. Yau da mutuwa ta tona asiri, Baba Alƙali yana shaida wa jama'a cewa duk mutuncin da yake da shi a filin wasa, a cikin ƙiftawar idon nan biyu yake zaune.

Ga waɗanda ba su san aikin ba: doka ta ce mai tafiya da ƙwallo ya riƙa buga ta a ƙasa da hannu ɗaya, hannun yana samanta ko a gefenta. Idan ya zura hannu ƙarƙashinta har ta zauna masa a tafi, ya tallabe ke nan, laifi ne. Idan ya kama ta da hannu biyu sannan ya sake bugawa, shi ma laifi ne, sai fa idan abokin hamayya ya taɓa ta a tsakani, ko kuwa kuɓuce masa ta yi. A takarda ko yaro ya gane. A fili kuwa, mutum goma na gudu, gumi na shiga ido, wani ƙato ya tare maka gaba, kuma bambancin laifi da gwaninta bai fi faɗin yatsa ba.

Shi kuma Baba Alƙali Allah ya yi shi da saurin baki. Da zarar gabansa ya faɗi, ya hura, idonsa yana can baya yana biyowa. Dattijo ne yake tsayawa ya jira idon. Kafin ƙwayar ta motsa, Baba ya riga ya ga ɗan yatsan mai tsaro da ya shafi ƙwallon, ko ya ga hannun a gefe yake, sai ya haɗiye sauran iskar, babu wanda ya ji komai. In kuma laifin na gaske ne, ya saki numfashi, Dattijo ya yanke hukunci da cikakkiyar murya. Haka aka yi ta yabon Baba cewa shi ne alƙalin da ba ya rawar kai, shi kuwa yana karɓar yabon ba kunya.

Iyalai ba za su manta da wasan ƙarshe na mata na shekara uku da suka wuce ba. Saura daƙiƙa tara, wata 'yar wasa da ake kira Walƙiya ta juya da ƙwallo daga dama zuwa hagu, ƙwallon ta yi kamar ta tsaya mata a hannu. Kocin ɗaya ɓangaren, wanda ake ce wa Mai Tawul, ya daka tsalle yana ihu: "Ta tallabe! Baba, ka makance ne?" Alhali Baba ya riga ya hura. Dattijo ya ce "fff", ya dakata, Baba ya ga babban yatsanta a sama, ya haɗiye. Ta jefa, ta ci. Washegari aka duba hoton bidiyo aka ce Baba ya yi daidai. Aka yi ta shan hannu da shi, ya dawo gida ya goge marigayin da gefen rigarsa, bai gaya wa kowa ba.

Ajali ya biyo ta hanyar mura. Baba ya yi mako biyu yana tari, sai 'yarsa ta fari, ma'aikaciyar jinya, ta zo duba shi. Ta ga Dattijo rataye a ƙusa bayan ƙofa, ta ɗaga shi da yatsa biyu ta ce, "Baba, wannan abin kake sawa a baki kullum? Ai dole tari ya ƙi barinka." Yana banɗaki ta jefa shi a tukunya ya tafasa minti goma. Ƙwayar ta kumbura ta maƙale, ba ta sake motsi ba.

An yi duk abin da za a iya. An shanya shi a rana kwana biyu, an tsokane shi da allura, an ɗiga masa man keken ɗinki. An kai shi wurin mai gyaran agogo, ya sa gilashi a ido ya leƙa, ya girgiza shi a kunne, ya ce, "Baba, sai haƙuri, wannan ya riga ya tafi." Iyalai ba sa ɗora wa kowa laifi, tsafta aka yi niyya. Yarinyar ma ta yi kuka, ta sayo wa babanta sabon usur na roba, marar ƙwaya, wanda numfashi kaɗan ya ishe shi ya tsala ihu.

Ranar Laraba Baba ya gwada sabon a wasan atisaye. Kafin a je hutun farko ya busa laifi huɗu da ba a yi ba. A na ukun, ƙwallo ce ta kuɓuce wa ɗan wasa ya kamo ta, usur ya riga ya fasa ihu kafin Baba ya gane, ya tsaya da hannu a sama yana juya tafi, yana nuna laifin da shi kansa ya san babu. 'Yan wasa suka yi dariya. A na huɗun ba wanda ya yi dariya. Mai Tawul, mutumin da ya shekara goma sha biyar yana zaginsa, ya tako a hankali ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Baba, lafiya kuwa? Ko a kawo maka kujera?" Baba ya ce da zagin ya yi, da ya fi masa sauƙi.

Abin da ya sa wannan rashi ya fi ƙarfin kuka shi ne, ranar Asabar da ƙarfe goma na safe kwamitin alƙalai zai turo mai tantancewa, wanda ake kira Jan Biro, ya zauna a gefen fili ya duba duk alƙalin da ya haura hamsin da biyar. Kuskure uku, a karɓe bajon alƙalanci. Mai ɗakin Baba ta ce, "In sun karɓa sai me? Ka zauna a gida ka huta mana." Baba kuwa bai san yadda ake zaman gida ranar Asabar ba, kuma tsoro yake ji, irin wanda bai taɓa ji ba ko a gaban 'yan kallo dubu.

Marigayin ya rasu ya bar igiyarsa baƙa, da rigunan alƙalanci biyu masu zane, da agogon gudu ɗaya, da wani tsoho mai saurin baki. Usur ɗin roba ba ya cikin dangi, kada a yi masa ta'aziyya.

Ana roƙon jama'a, don girman Allah, duk wanda yake da tsohon usur mai nawa a cikin akwati ko aljihun tebur, ya taimaka ya kawo kafin Asabar. Baba ya zaga shago shida. Kowane mai shago cewa yake, "Wannan da ka taɓa shi ya tashi." Idan Baba ya ce shi mai jinkiri yake nema, sai su dube shi su dubi juna.

Game da jana'iza, gawar tana cikin gidan tabarau a kan talabijin, masu son ganawa da ita su zo da rana. An so a binne shi ranar Juma'a a gindin bishiyar da ke bayan filin wasa, amma Baba ya nemi a ɗaga. Ranar Asabar zai rataya usur biyu a wuya. Gawar zai sa a baki. Idan gabansa ya faɗi, ita zai fara hurawa, in ido ya iso ya tabbatar, sai ya tofar da ita ya cafki na robar. Ya gwada a gaban madubi ya fi sau ɗari biyu. Jinkirin ya ɗan fi na marigayin tsawo, kuma sau biyu igiyoyin suna sarƙewa su shaƙe shi, amma ba shi da wata dabara.

Idan Jan Biro ya sa hannu cewa Baba ya ci gaba, an ɗage jana'iza sai abin da hali ya yi, domin marigayin ya koma bakin aiki. Idan bai sa ba, a haɗu a gindin bishiya da ƙarfe goma sha biyu, kuma kada kowa ya zo da usur. An roƙi mai sharar fili ya ɗan faɗaɗa ramin, yadda zai ɗauki usur ɗaya da riguna biyu masu zane, a ninke. Baba ya riga ya yi musu guga.