Rasuwar Injin Malam Nu'uman

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da farce mai cike da baƙin mai, Malam Nu'uman Gobarau, tsohon malamin tarihi, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki, har da waɗanda suka daɗe suna jiran wannan rana, rasuwar injin motarsa. Ya cika ranar Talata da hantsi a bakin Ƙofar 'Yandaka, yana da shekara arba'in da takwas.

Marigayin ya yi fama da tari tun zamanin mulkin soja. Daga baya shan mai ya biyo, sai hayaƙin da ya raba unguwa da sauro ba tare da tallafin hukuma ba. Kalmarsa ta ƙarshe ita ce, "Kyar-kyar-kyar... ƙwas." Sada makaniki ya kara kunne, ya cire hula, ya ce ya buga.

An shaide shi da dattako. Bai taɓa tashi don kawai an murɗa makulli ba, sai an taru an lallashe shi kamar kowane babba. Shekara arba'in da huɗu uwargidan Malam, marigayiya Hajiya Ramla, ce a bayan sitiyari, Malam yana baya yana turi. Ba ta taɓa tuƙa mota zuwa ko'ina ba, amma duk Katsina babu mai sakin kuloci a giya ta biyu kamarta. In injin ya kama, sai ta fito ta gyara mayafi, ta ce wa Malam yau ma ya ga amfanin karatu. Da ta riga mu gidan gaskiya, Malam ya koma kujerarta, maƙwabta suka gaji turin: Abbas tela da duk wanda tsautsayi ya biyo da shi lungun. Su tura, su yi haki, su zauna shan shayi, Malam yana gyara musu tarihin da ba su tambaya ba.

Ya rasu ya bar giyabos ɗaya, abokiyar zamansa, wadda Sada ya ce ba ta iya zama da wani, aka sauke su tare. Ya bar fulogi huɗu marayu, da lagireton da ya fara zubar da hawaye shekara goma kafin a yi rasuwar.

Zainab 'yar Malam, wadda nisan GRA bai barinta zuwa sai da Sallah, ta aiko da magaji ɗan Kwatano tare da tasa giyabos. Aka rataya shi da sarƙa a reshen bedi, kwana uku yana lilo, ya ƙi zama a kujerar magabacinsa sai da mai walda ya rage furofela. Yanzu ya zauna. Murɗa ɗaya yake tashi, ba tari, ba gaisuwa, kamar 'ya'yan zamani. Ranar farko Malam ya zagaya gari sau biyu yana danna oda, har ya wuce mai keke, abin da bai faru ba tun yana da baƙin gashi. Washegari ya cika buta da shayi. Abbas ya ɗago hannu daga bakin shagonsa, ya ce barka da arziki, kowa ya huta. Yau kwana takwas shayin yana hucewa.

Jana'iza ranar Asabar da ƙarfe bakwai na safe. Liman ya riga ya ja kunne, babu salla. 'Yan gwangwan su riƙe ta'aziyyarsu. Gawar tana cikin but ɗin motar, za a kai ta gonar Malam da ke hanyar Jibiya a ajiye a inuwa.

Ana kuma sanar da masu rakiya cewa kik ɗin da ke tayar da sabon injin ya ɓace. Malam bai san inda yake ba, kada kuma kowa ya buɗe akwatin littattafai. A zo da takalmi mara santsi. Zaman makoki kullum da safe ne a ƙofar gida, ba a sa ranar tashi ba. Akwai shayi.