Zakaran Kawu da Hanyar Jos

"Ya ƙarfin jiki kuma, Yaya Henry?"

Lai'atu ce durƙushe a bakin baranda, ta maƙale jan zakara a hammata, ƙafafunsa ɗaure da tsumma. Henry ya dube ta daga kujerar robar da yake wuni a kai, bayansa jingine da bango, idonsa na kan ƙofar gida. Wannan "Yaya" ɗin ya fi masa zagi ciwo. Ita 'yar kawunsa ce, shi ɗan gwaggonta, abokan wasa tun suna yawo ba wando. Tun da ta iya magana ba ta taɓa kiransa da wani suna ba sai Ɓarawon Kaji, domin a al'adarsu ɗan 'yar'uwa yana da ikon shiga gidan kawunsa ya kama kazar da ta yi masa, ba mai cewa uffan. Shi kuwa ya mori wannan iko har kajin Kawu Samson suka gane takunsa.

Amma wannan kafin abin ya faru ne. Ya gama karatun kemistri a Jos, yana hanyar dawowa Kafanchan da kayansa, 'yan bindiga a kan babura suka tare motarsu a wata kwana, suka kora su cikin daji. Ya dawo da ransa, an yi godiya a coci. Tun ranar bai sake taka ƙofar gida ba, kuma kowa ya koma yi masa magana a hankali kamar mai jinya. Har Lai'atu.

"Da sauƙi," ya ce. "Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu, Yaya."

"To me ya sa kike gaishe ni kamar matar fasto a gidan makoki? Tashi, kina ɓata mana siminti da gwiwar nan taki mai kama da doyar Kagoma."

Ya jira ta rama. Ba ta rama ba. Ta saci kallon mahaifiyarsa, Mama Milka, wadda ke zaune a gindin mangwaro tana wanke acca a ƙwarya, kunnenta duk yana wajensu.

"Baba ne ya aiko ni. Ya ce ka sha romo."

"Kawu ya ɗaure zakara da hannunsa ya aiko mini? Ni?"

"E. Kuma ya ce in ji ta bakinka."

Henry ya san zancen. Lai'atu ta ci Jamb da maki mai kyau, famasi take so, a Jos. Kawu Samson, tsohon malamin firamare, ya kasa cewa e, ya kasa cewa a'a. Ƙarshe ya ce Henry ya san makarantar, ya kuma san hanyar fiye da kowa a dangi, abin da ya faɗa shi za a yi. In ya ce a'a, za ta je shagon intanet ta canja zaɓin makarantarta kafin a rufe a ƙarshen mako.

"Ta bakina gajeriya ce," ya ce. "Kafanchan."

"Yaya..."

"Ga jami'a a bayan gidanku. Ki tafi da ƙafa, ki dawo ki ci tuwo, ki wanke wa Kawu riga. Me ya fi wannan?"

"A nan noma ne, ni famasi nake so."

"Noma ba kimiyya ba ne? Ki karanta, ki gano abin da ya ruɓar da cittar mutanen Kwoi, matan zumunta na coci su sa sunanki a waƙa. Famasi! Ke da kika dafa wa Kaka ganyen da ba ki sani ba don zazzaɓi, tsohuwa ta wuni tana safa da marwa zuwa bayi. Duk wanda zai sha maganin da kika haɗa, sai ya fara kiran fasto."

Leɓenta ya motsa. Ya ga amsar ta taso mata har maƙogwaro, ta haɗiye.

"Haka ne, Yaya. To Keffi fa?"

"Hanya."

"Kaduna? Sai in zauna wajen Anti Doreen a Sabon Tasha."

"Hanya."

"Zariya?"

"Hanya a kan hanya."

"To in haƙa rami daga ɗakina zuwa lab ke nan?"

"Yauwa. Ga fartanya can, da ma haƙoranki sun isa aikin."

Wani ɗan acaɓa ya wuce ta layin da gudu, salansarsa ta yi ƙara kamar an fasa abu. Henry bai san lokacin da ya damƙe hannun kujera ba. Gumi ya keto masa a goshi. Da ƙarar ta yi nisa, ya ga Lai'atu tana kallon yatsunsa da tausayi, irin kallon da ya tsana.

"Ba ki san komai ba," ya ce, wannan karon ba wasa a muryarsa. "Ba ki san yadda ake kwantar da mutum a kan kwalta ba. Na ce Kafanchan. Je ki gaya wa Kawu."

Ta miƙe a hankali, da zakaran a hannu, ta nufi ƙofa. Ta zare sakata ta buɗe. Ya ga kafaɗunta sun sauka kamar na wadda ta sauke ƙunshin itace ta tarar ba wuta a gida. Bai san yadda zai tsayar da ita ba sai ta hanyar da ya sani.

"Sauka lafiya, likitar awaki! Ki riƙe kan nan naki da kyau, kada nauyin makin Jamb ya karya miki wuya."

Ta tsaya. Ta juyo, ta bar ƙofar a buɗe. Idonta ya yi ja.

"Ɓarawon Kaji."

"Na'am?"

"Na ce Ɓarawon Kaji. Mai ciki kamar buhun citta. Kowa a gidan nan yana cewa addu'a ce ta fito da kai. Ni na san gaskiya."

"Faɗe ta."

"Cinka ne. Mutanen nan mitin suka zauna. Suka ce wannan in ya ƙara kwana a nan, mu za mu koma bara. Su suka roƙe ka ka tafi. Na ji har rakiya suka yi maka, don kada ka yi kwana ka dawo."

Ƙwaryar acca ta suɓuce daga hannun Mama Milka.

"Lai'atu! Yesu! Bakinki ƙalau kuwa?"

Ba wanda ya taɓa ambaton dajin nan a gabansa, ko fasto sai dai ya ce "jarrabawar da ta wuce". Henry ya tuna dutsen da suka kwana a kai, ya ji warin hayaƙi. Lai'atu kanta ta tsorata da abin da ta faɗa, amma ba ta sunkuyar da kai ba.

"Garin kwaki suke ba mu," ya ce, muryarsa siririya. "Ba suga, ba ƙuli."

"Ka dai cinye."

"Na cinye."

"Ka nemi ƙari?"

"Sau ɗaya."

"Kin ji ko, Anti? Ɗanki ya nemi ƙari a hannun 'yan bindiga!"

Mama Milka ta buɗe baki za ta yi faɗa, ta dubi fuskar ɗanta, ta rufe. Ta durƙusa tana kwashe accarta.

"Ke kuwa," in ji Henry, "in suka kama ki, kafin rana ta faɗi za su dawo da ke, su haɗa wa Kawu da akuya don ban haƙuri. Surutunki kaɗai zai tona inda suke."

"To ka ga ba matsala ke nan. In tafi Jos."

"A'a."

"Sun ƙwace wayarka, sun ƙwace takalminka. Kemistrin fa?"

"Yana nan."

"Ai na sani. Sun leƙa kan, suka ga ba abin ɗauka. Wane irin mai digirin kimiyya ne yake gwajin kujerar roba tun safe har yamma? Sakamakon ya fito? Tana narkewa?"

"Lai'atu." Ya sunkuyo. "In na ce ki je, da bakina, wani abu ya same ki a kwanar nan, da wane ido zan dubi Kawu?"

Ta gyara riƙon zakaran. Da ta yi magana, muryarta ta sauka.

"Kana tsammani ba na tsoro? Lokacin da kake can ko ruwa ba ya wuce mini. Har yanzu in na ji an ce Jos sai in tuna kwanar nan. Amma in na zauna saboda su, mutum biyu suka kama a danginmu ke nan. Ɗayar ma ba su taɓa ganin fuskarta ba."

Ya nemi zagi ko guda a kansa, bai samu ba. Ita kuwa ta sa haƙori ta kwance tsumman ƙafar zakaran.

"Me kike yi?"

"Baba ya yi kuskure, tsufa ne. Tun yaushe ake kawo wa ɗan gwaggo kaza a ɗaure kamar maijego? Kamawa yake yi."

Ta wurga shi sama. Zakaran ya dira yana kyarkyara, ya zaga turmi, ya hangi ƙofa a buɗe, ya fice.

"Kin haukace?"

"Ga shi can ya nufi gidan Maman Patricia, ka san tukunyarta ba ta tambayar mai kaza. Ni kuwa ranar Lahadi zan tsaya a ƙofar coci in sanar. Zakaran kawu ya gagari ɗan 'yar'uwa! Abin da ba a taɓa ji ba tun kakanni. Zan sa a canja maka suna, Tsohon Ɓarawo Mai Ritaya."

"Ba ki isa ba!"

"Zauna, Yaya. Ya ƙarfin jiki?"

Wannan "Yaya" ɗin ne ya ɗaga shi. Kujerar ta kife. Da silifa ɗaya a ƙafa ya bi ta ƙofar, ya tsallake kwata, ya tare zakaran ta wajen mai gasa masara, zakaran ya kuɓuce masa, ya bi shi bayan tulin bulo, ya faɗa kansa da ƙirji kamar yadda ya saba tun yana firamare. Da ya miƙe da shi a hannu, sai ya ga inda yake. Tsakiyar layi. Rana a kansa, mutane suna kallo. Ga wani babur ya taho.

Ya matse zakaran a ƙirji har ya ji bugun zuciyar tsuntsun tare da tasa. Babur ɗin ya rage gudu.

"A'a, Henry! Kai ne? Kajin Baba Samson sun shiga uku!"

Gershon ne, ɗan kwayar cocinsu, da buhun gawayi a baya. Ya yi hon ya wuce. Henry ya tsaya har ƙurarsa ta kwanta. Bai faɗi ba.

Ya dawo gida a hankali, gwiwarsa ta kuje, rigarsa duk ƙasa. Mama Milka tana tsaye a bakin ƙofa, ta toshe baki da gefen zani. Ya miƙa mata zakaran, ya wuce ɗaki. Lai'atu ta tsaya tana murza tsumman a hannu, ba ta san ko ta gyara ba ne ko ta ɓata.

Ya fito da farar rigar lab ɗinsa, a ninke, tana warin akwati. Ya jefa mata a ka.

"Motar safe, daga cikin tasha, ba ta bakin hanya ba. In rana ta karkata, ki kwana inda kike, ko Kirsimeti ne. Ranar farko ni zan kai ki." Ya dubi ƙofar gida. "In kika ga ina rawar jiki a mota, ki zage ni."

"Wannan ai ba sai ka roƙa ba." Ta zura rigar, hannuwan suka wuce yatsunta. Ta juya da sauri ta goge ido da ɗaya. "Akwai huji a nan."

"Asid ne. Alamar wanda ya yi karatu."

"Ɓera ne. Alamar ƙazami. Romon fa, za a ajiye mini cinya?"

"Ni na kama, nawa ne. Ko ƙafa ba za ki gani ba."

"Ɓarawo!"

Dariyar ta ƙwace masa, mai tsatsa, kamar ƙofar da ta daɗe ba a buɗe ba, har ya dafa bango.

"Je ki gaya wa Kawu na ce Jos. Ki kuma ce ya rufe akurkinsa da kyau, ranar Lahadi bayan sujada ina tafe."