Rasuwar Littafin Jarumai a Hannun Hajiya Azumi

Da zuciya mai nauyin baƙin ciki, da fuskar da har yau ta ƙi sakewa, Malam Munzali, mai harhaɗa magunguna a wani asibiti a nan Jidda, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar littafin zanen jarumai na 'yarsa Yasmin. Marigayin ya cika a falon gidansu da ke unguwar Safa, a hannun yayar mai gidan, Hajiya Azumi, wadda har gobe take cewa ita ba ta ga abin kuka ba.

An samo marigayin a wani kantin littattafai a Aziziyya, lokacin da Yasmin take ƙarama, ba ta da aiki sai kallon waɗannan jarumai a talabijin. Ƙungiya ce ta wasu bayin Allah marasa sana'a, masu sa ɗan kamfai a kan wando, masu yafa mayafi a cikin rana. Kullum sai sun ceci duniya, kuma kullum sai sun rushe rabin gari kafin su cece ta.

Da Larabci aka rubuta shi. Larabcin Munzali kuwa na takardar zama ne, wato iƙama, da na kafilin da ya ɗauke shi aiki, da "ƙwaya ɗaya bayan abinci". Hausar Yasmin ta fi haka lalacewa. A Jidda aka haife ta, tana jin komai, amma ba ta mayarwa sai da Larabci. A ce mata ta zo ta ci abinci, sai "Tayyib, Baba." A yi mata faɗa, sai "Halas, Baba." Abin yana cin Munzali a rai. Tsoronsa ɗaya ne: ranar da kwantiraginsa zai ƙare, ya koma Zariya da yarinyar da ba za ta iya gaida kakarta ba.

A nan marigayin ya yi aikin da za a daɗe ana tuna shi da shi. Munzali yakan buɗe shi bayan la'asar, ya ɗora yatsa a kan Larabcin kamar wani shehi, ya dinga zuba Hausar da ya ga dama. Shi ya raɗa wa jaruman suna: Kwamanda Tsawa, da Mai Tartsatsi, da Ɗan Atishawa wanda murarsa take kayar da bene. Mugun cikinsu ya zama Dakta Tsatsa. A kan waɗannan shafuka kaɗai Yasmin take buɗe baki da Hausa, tana maimaita barazanar Kwamanda kalma bayan kalma. Ko da ta shiga makaranta ta fi ubanta Larabci nesa ba kusa ba, ba ta tona masa asiri ba. Sau ɗaya ta dube shi ta ce, "Baba, mu kida aka rubuta, bas naka ahla." Wato ba haka aka rubuta ba, amma nasa ya fi daɗi.

Marigayin mai haƙuri ne. Ya sha miyar kuka, ya sha shayi, ya yi wata guda a ƙarƙashin kujerar mota bai yi ƙorafi ba. An ɗaure masa baya da filastar asibiti har ya fi wasu marasa lafiya samun kulawa. Maganarsa kaɗan ce, amma mai ratsa jiki: ƊAS! KWARAM! RIGIJIB!

Bai yi doguwar jinya ba. Hajiya Azumi ta zo Umara, ta sayi kofunan gahawa da kwalaben turare na tsarabar rabin Zariya. Ranar Juma'a, Munzali yana masallaci, ta nemi takardar naɗe kaya ba ta samu ba, sai idonta ya faɗa kan marigayin. Zakiyya, matar gidan, ita ta riƙe mata bakin akwati. Da Munzali ya dawo, bango kaɗai ya tarar a kan kujera.

"Yaya, me kika yi haka?"

"Takardar 'yan tsana ce fa, Munzali. Ƙato da kai, har da gemu! Ka gode ma na rage muku shara."

Ya juya wajen matarsa. Ta ce, "Baban Yasmin, yayarka ce. Ni in ce me?"

Yasmin ta jira sai da gwaggonta ta sauka Zariya ta raba tsaraba. Sannan ta ɗauki wayar uwarta, ta shiga zauren dangi, ta aika saƙon murya:

"Ke Azumi, makira! Ki dawo da abin da kika sace. Ko ramin ɓera kika shiga sai na zaƙulo ki. Yau ƙaryarki ta ƙare!"

Hausa tsantsa, babu tayyib, babu halas. Zariya ta ɗauki zafi. Kawunnai suka yi ta bugo waya suna tambayar irin tarbiyyar da ake yi a ƙasa mai tsarki. Kakar yarinyar kuwa ta sa a sake kunna mata, ta ce, "Ashe 'yar Larabawan nan tana da baki!" Munzali ya yi wa Yasmin faɗa a falo yadda ya kamata. Daga nan ya sauka, ya shiga mota, ya kulle ƙofa, ya yi ta sauraron saƙon yana share hawaye. Kunya ta kama shi, amma daɗin ya fi kunyar yawa.

Marigayin ya bar bango guda mai tabon miya, da shafuka masu yawa a warwatse tsakanin Tudun Wada da Sabon Gari. Ya kuma bar uwarsa, wato shirin talabijin, wadda take raye cikin ƙoshin lafiya amma ba ta jin Hausa ko ta "zo in kashe ka".

Ba za a yi wa marigayin wanka ba, saboda yanayin jikinsa. Duk wanda ya sami kofin gahawa daga hannun Hajiya, ana roƙonsa ya warware takardar, ya shafe ta da hannu, ya turo hotonta. Wanda ya riga ya ƙunsa ƙosai a ciki, ya yi shiru kawai. Za a karɓi gaisuwa a gidan Munzali bayan la'asar, a kofunan roba.

A wurin zaman ne Yasmin za ta kira gwaggonta ta ba ta haƙuri, kamar yadda dangi suka yanke. Munzali ya amince, da sharaɗin da Hausa za ta yi. Ana roƙon jama'a su yi mata uzuri in ta yi tuntuɓe, domin a duk tsawon rayuwar marigayin babu shafin da Kwamanda Tsawa ya taɓa ba wani haƙuri. Jiya ta sami ubanta a kicin, ta ja masa riga, ta ce, "Baba, yaya ake cewa asfa da Hausa?" Wato kalmar ban haƙuri ta Larabawa.

Ya ajiye cokali, ya jawo mata kujera.