Rigar da Na Saƙa wa Na'urar Sharaɗa

Ko zan manta komai, ba zan taɓa mantawa da makon da na tsayar da kamfani guda ba, ni da ban taɓa taka ajin boko ba.

Shekara goma sha tara ina shara a kamfanin takalman roba a Sharaɗa. Kai, an yi zamani! Jiniya na kaɗawa mu fito bakin ƙofa cin ɗanwake, Musulmi da Kirista kwano ɗaya. Kuma ba a taɓa shafa yatsa a inda na goge an ga ƙura ba (a je a tambaya).

Sai aka kawo wani baƙin akwati mai gurnani, wata irin kwamfuta wai ita saba, aka ajiye a ɗakin da nake sharewa. Na gan shi tsirara, jikinsa duk huji. Mu ko rediyo ba ma bari haka. Na sayi ulu, na saƙa masa riga ja da kore, har da tuntu, na rufe shi ruf.

Washegari 'yan kasuwa suka fara kira: sun buɗe shafin kamfani a waya, ba hoton takalmi ko ɗaya. Kullum da safe maigadi ya kunna akwatin, kafin azahar akwatin ya mutu. Rifkatu, injiniyarmu da ke ofishin Bompai, ta canza lambobin sirri, ta sa aka sake wayar intanet, duk a banza. Manaja ya ce in Juma'a ta yi ba gyara, ta nemi wani aikin.

Ran Alhamis ta sauko daga adaidaita, ido ya yi zuru-zuru.

"Mama, shafin yana Bompai, hotunan suna nan wurinku. Yana aiko a ba shi, ba mai amsawa."

"'Yar nan, ko aljanu ne? In kawo turare?"

"Ku dai buɗe mini ɗakin."

Na buɗe ina taƙama, manaja na biye. Na ce, "Kun gani? Ko ƙwayar ƙura."

Rifkatu ta ɗaga tuntun, ta taɓa akwatin, ta janye hannu kamar ta taɓa tukunyar tuwo.

"Mama, ta hujin nan yake numfashi! Wa ya shaƙe shi?"

Na so in ce maigadi ne, wallahi na so. Amma na dubi idonta, na tuna goyon da ta bari a gida.

"Ranka ya daɗe, ni ce. Ita ba ruwanta."

Aka tuɓe shi, aka kunna, hotuna suka dawo. Manaja ya yi dariya har da riƙe bango. Rifkatu ta tsira da aikinta, ni kuma na tsira da suna: Tela.

Rigar tana kan talabijin ɗina har yau, kuma saƙar ba ta da makusa. Sai dai yanzu in na ga abu tsirara, nakan fara tambaya ko shi ya so hakan.