Tukuna, Injiniya

Shekarar da sukari ya gagari talaka, Kawu Sale ya dogara kacokan ga raken fadamarsa da ke bayan Ɗanbatta. Ni kuwa ina aiki a ɗakin gwaje-gwajen wata jami'a, sai na aro na'ura na taho taimako. Na'urar 'yar'uwar wadda ake ɗaukar hoton ciki da ita a asibiti ce. Tana aika sautin da kunne ba ya ji cikin ruwan rake, ta nuna a allo lokacin da sukari ya fara daskarewa.

Ranar dafa mazarƙwaila na tara maƙwabta na yi musu lacca, na ce zamanin kintace ya wuce. Na tsoma sandar na'urar cikin kaskon, na harɗe ƙafa.

Can Kawu ya kasa kunne ga tafasar, ya ce, "Ɗan nan, ta yi. A sauke."

Na dubi allo, layi a miƙe sambal. Na ce, "Tukuna, Kawu."

Matarsa Inna Ladi ta leƙo ta katanga, ta ce, "Ni fa ƙauri nake ji."

"Tukuna, Inna. Na'ura ba ta ƙarya."

Sai da hayaƙi ya turnuƙe, dahuwar ta koma gawayi, sannan Kawu ya sunkuya ya ɗago wayar sandar daga cikin ƙasa. Ya ce, "Ita wannan jelar, ba a soka ta ko'ina ne?"

Shekara da shekaru ke nan, amma har yau in na yi sallama a ƙofar gidan, sai Inna ta amsa daga ciki, "Tukuna, Injiniya!"